Wutar Babur Da Lokacinta

Abu uku ne ke tafiyar da babur, watau mai, da iska, da wuta. Mai kowa ya san darajarsa, domin da kuɗi a ke sayensa, ran da ya ƙare kuwa babur ya tsaya cik. Iska kyauta ce, ba mai tunawa da ita sai ƙura ta toshe mata hanya. Amma wuta, abin da yawancin masu babur suka sani game da ita bai wuce wannan ba: a kwance fulogi, a ɗora shi bisa injin, a buga kik, in an ga shuɗin tartsatsi ya yi tsalle sai a ce, "To, akwai wuta." Ga shi kuwa samun wuta dabam, zuwanta a kan kari dabam. Ruwan da ya sauko bayan gero ya bushe a gona ruwa ne, amma ba ya cika rumbu.

Abin da na ke so in bayyana maka, ya kai mai karatu, shi ne lalle wuta ta riga fistin isowa da ɗan taƙi ƙayyadadde, kuma wannan taƙi da awo a ke samunsa. Wanda ya bar shi ga kintace, ƙafarsa da injinsa da aljihunsa ne za su biya.

Ni dai akawu ne, aikina alƙalami da takarda, ban yi koyon makanikanci ba. Abin da ya haɗa ni da wannan sha'ani shi ne wani tsohon babur da na gada wajen kawuna, wanda ya yi aikin malamin daji tun zamanin En'e, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Shi ma a gwanjon kayan soja ya saye shi. Sunan babur ɗin BSA M20, ƙirar birnin Barmingam na Ingila. An fara yin irinsa a 1937, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa sojan Ingila suka karɓi wajen guda 126,000, masu kai saƙo suka yi ta hawansu a fagen fama. Silindarsa ɗaya ce, girmanta cc 496, ƙarfinsa na doki 13. Ba shi da gudu, ga nauyi, amma akwai jimiri kamar jaki. An daina ƙera shi a 1955, tsohon kamfanin kuma ya durƙushe a 1973. Sabo da haka yau in fistin ɗinsa ya huje ba ka samun wani a kasuwar garinmu, sai an aika ƙasar waje, a jira wata da watanni. Wanda ke riƙe da irin wannan dabba dole ya san abin da ke kashe ta.

Kafin mu kai ga saiti, ya kamata mu san abin da ke faruwa cikin injin. Silinda kamar turmi ta ke, fistin kuwa kamar taɓarya, yana hawa yana sauka a cikinta, sai dai ya cika ta kam, ba inda iska za ta kuɓuce. Akwai ƙofofi biyu masu murfi waɗanda makanikai ke kira bawul, ɗaya ta shiga, ɗaya ta fita. Tafiyar fistin huɗu ce. Da fari ya sauka, bawul na shiga ya buɗe, ya zuƙo mai gauraye da iska daga kafireta. Na biyu ya hau, ƙofofin duka a rufe, ya matse abin da ya zuƙo. Na uku fulogi ya ba da tartsatsi, man ya kama, zafin ya tunkuɗa fistin ƙasa da ƙarfi, wannan tunkuɗa ita ce ke juya ƙafar babur. Na huɗu ya sake hawa, bawul na fita ya buɗe, ya kori hayaƙi zuwa salansa. Wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ne ya tsara injin mai tafiya huɗu ɗin nan a 1876. Cikin huɗun guda ɗaya ce kaɗai ke kawo ƙarfi, sauran ukun hidima su ke yi mata, don haka in wannan ɗayar ta ɓaci, duk aikin ya tashi a banza.

Wanda bai sani ba zai zaci daidai sa'ad da fistin ya kai ƙololuwa ya kamata wuta ta tashi. Ba haka ba ne, ga kuwa dalili. Man da ke cikin silinda ba ya kamawa gaba ɗaya. Daga bakin fulogi wutar ke somawa, ta bazu kamar yadda wutar daji ke cin ciyawa daga gefe guda zuwa wancan, kuma ko da ya ke abin bai kai ƙiftawar ido ba, yana cin lokaci. Fistin kuwa ba ya tsayawa jiran kowa. In an kunna wuta yana ƙololuwa, kafin ta yi ƙarfi ya riga ya yi nisa ƙasa, sai ta bi bayansa tana tura abin da ya riga ya gudu. Maharbi ya san wannan. In zabuwa ta tashi sama, gabanta kaɗan ya ke auna bindigarsa, domin kafin albarushi ya kama harsashi ya isa, ta gusa. Haka a ke kunna wutar injin tun fistin yana kan hawa, don ƙarfinta ya cika daidai sa'ad da ya ɗan wuce ƙololuwa ya soma gangarowa.

Maƙeran M20 sun auna wannan taƙi, suka rubuta shi cikin littafin babur. Wuta za ta tashi sa'ad da ya rage wa fistin kashi 7 cikin 16 na inci ya kai ƙololuwa, watau kamar milimita 11, bai kai rabin inci ba. Bari mu yi ɗan lissafi don ka ga ƙanƙantar abin. In babur na tafiya sosai, injin na juyawa kamar sau 3,000 a minti guda, watau sau 50 a sakan guda. Wuta na tashi sau ɗaya cikin kowane juyi biyu, ka ga sau 25 ke nan a sakan. Wannan taƙi na milimita 11 kuwa kusan ushirin juyi guda ne, fistin na cinye shi cikin kashi ɗaya daga 500 na sakan. A cikin wannan ɗan lokaci ne lafiyar injin ta ke.

In wuta ta tashi da wuri fiye da haka, a kan ce ta yi gaba. Sai ƙarfinta ya cika tun fistin bai ƙare hawa ba, su yi karo, kamar mai tura lilo da ya sa hannu tun lilon yana tahowa. Injin ya yi zafi, wani lokaci ka ji ƙara cikinsa ƙyal-ƙyal-ƙyal kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, in an daɗe a haka kan fistin ya narke ya huje. Wajen tayarwa kuwa kik ya kan komo da ƙarfi ya bugi ƙafar mai shi. In kuma wuta ta makara, a kan ce ta yi baya. Babur ya yi nauyi, ka murɗa totur ba ya amsawa, ya yi ta shan mai. Man kuma bai ƙare ci ba bawul na fita zai buɗe, sai wuta ta bi bututun salansa, ya yi zafi har launinsa ya koma shuɗi, bawul ɗin kansa ya ƙone.

Abin da ke haifar da wutar a wannan babur shi ne magineto, ƙirar kamfanin Lucas, yana zaune bayan silinda. Ba ruwansa da batir. A cikinsa akwai maganaɗisu da waya naɗaɗɗiya, injin na juya shi rabin saurin kansa. Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da magineto mai ba fulogi wuta kai tsaye a 1902. A gefe guda na magineto, ƙarƙashin wani ɗan murfi, akwai ƙananan ƙarafa biyu masu haɗa baki su rabu, su ne a ke kira kwantak. Ga abin da ya kamata ka riƙe da kyau: a daidai lokacin da bakinsu ya rabu ne tartsatsi ke tashi a fulogi. Sa'ad da su ke haɗe lantarki na gudana cikin wayar, da an raba su sai ya katse farat ɗaya, wannan katsewa ce ke haifar da wuta mai ƙarfin da za ta tsallake bakin fulogi. Ashe saitin wuta duka abu guda ne, watau a sa kwantak ya rabu daidai sa'ad da fistin ya iso wurin da aka ƙayyade.

A hannun hagu na kan babur kuma akwai wata 'yar liba mai waya zuwa magineto, wadda mahayi ke sa wuta gaba ko baya da ita. Amfaninta shi ne, lokacin da mai ke ɗauka yana ci bai cika sakewa ba, amma saurin injin yana sakewa ƙwarai. Taƙin da ya dace da injin mai juyawa sau 3,000 a minti ya yi wa injin da ƙafar mutum ke juyawa yawa. Awon nan na kashi 7 cikin 16 na liba ce sa'ad da ta ke gaba ƙarshe, sauran kuwa hannun mahayi ne ke ragewa.

Yadda na koyi aikin, wata shekara da damina na tafi rangadi na kwana goma, aka kai babur wajen wani yaro makanike a bakin tasha don ya wanke masa kafireta. Da ya ƙare sai ya ce wuta ma tana son gyara, ya kwance magineto, ya yi ta gusa shi yana tayarwa yana saurare, har ya ji muryar da ta gamshe shi. Kashegari ɗan wana ya zo tayarwa, ya hau kik da ƙarfinsa, kik ya komo ya watsar da shi gefe. Idon sawunsa ya yi targaɗe, aka kai shi wajen mai ɗori, ya yi mako uku bai taka gona ba, ga shi lokacin maimai ne, sai da aka ɗauki 'yan ƙodago.

Da na komo na sa aka tura babur zuwa wajen wani dattijo a bayan kasuwa, wanda ya koyi sana'a hannun wani tsohon soja da ya yi yaƙin Bama. Bayan mun gaisa ya dubi babur, ya shafa tankinsa, ya ce, "Malam, wa ya taɓa maka wutar nan?"

Na ce, "Baba, wani yaro ne a tasha. An ce da kunne ya ke saiti."

Ya yi murmushi ya ce, "Kai da ka ke akawu, in an kawo maka kuɗin hukuma cikin jaka, girgizawa ka ke yi ka ji ƙararsu ka rubuta rasiti, ko ƙirgawa ka ke yi?"

Na ce, "Ƙirgawa, Baba."

Ya ce, "To, jawo kujera ka zauna, yau za ka ga yadda a ke ƙirga wuta."

Da ya auna sai ga shi kwantak na rabuwa tun ya rage wa fistin wajen rabin inci da kwata, kusan ninki biyu na abin da littafi ya faɗa. Ya kuma bayyana mini abin da ya ruɗi yaron. Injin da ke tsaye ba kaya, in ka sa wutarsa gaba, sai juyinsa ya ƙaru, muryarsa ta yi kaifi, mai saurare ya ce lafiya ta samu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to, kunne ma ya san kima, sai dai kimar kunne ba ta rarrabe milimita 11 da milimita 19. Ga yadda dattijon nan ya nuna mini, kuma haka na ke yi har yau.

Kayan aikin ba su da yawa: sifanu, da sukudireba, da rula mai nuna kashi goma sha shida na inci, da ma'aunin tsakani, watau siraran ƙarafan nan masu lamba da ke naɗewa kamar wuƙar aljihu. Sai siririn ƙarfe miƙaƙƙe irin na ƙafar keke, wanda tsawonsa ya kai taƙi guda, a lanƙwashe kansa na sama don kada ya faɗa cikin silinda. Sai magagari, da ɗan yankin takarda shara-shara irin ta naɗin taba. A yi aikin a inuwa, bisa tabarma ko buhu, injin a sanyaye, don ƙaramin noti in ya faɗa cikin rairayi ya tafi ke nan.

Da kwantak a ke farawa. A buɗe murfinsa, a goge bakin ƙarafan su yi tsab ba maiƙo, a juya injin har su buɗe iyakar buɗewarsu, a auna tsakaninsu. Kashi 12 cikin 1,000 na inci a ke so, watau kamar kashi 3 cikin 10 na milimita, ma'aunin ya shiga da ɗan jan jiki. Dalilin farawa da wannan shi ne, in tsakanin ya yi faɗi kwantak zai rabu da wuri, wuta ta yi gaba, in ya tsuke zai makara, ta yi baya. Kuma ɗan dunduniyar da ke ɗaga kwantak yana cinyewa a hankali da tafiya, tsakanin ya riƙa tsukewa, har babur da aka saita daidai bara ya zama mai makararriyar wuta bana ba wanda ya taɓa shi. Sau da yawa gyaran tsakanin nan kaɗai ya isa ya mai da wuta wurinta.

Sa'an nan a nemo ƙololuwar fistin. A kafa babur bisa matsayinsa na baya har ƙafar baya ta bar ƙasa, a cire fulogi, a sa giya ta ƙarshe, don in an juya ƙafar da hannu injin ya juya a hankali. Fistin na zuwa ƙololuwa sau biyu, sau ɗaya wajen matse mai, sau ɗaya wajen korar hayaƙi, na farkon mu ke nema. Ka toshe ramin fulogi da babban yatsa, wani ya juya ƙafar gaba, in ka ji iska na tura yatsanka, to, hawan matsewa ne. A wannan babur fulogi bisa bawul ya ke zaune, sabo da haka maƙera suka bar wani ɗan rami dabam a kan silinda, daidai bisa fistin, suka toshe shi da ƙaramar ƙusa mai zare. A kwance ta, a zura siririn ƙarfen har ya zauna bisa fistin, a ci gaba da juya ƙafar sannu sannu. Ƙarfen zai yi ta tasowa, ya tsaya, ya soma komawa. Inda ya tsaya nan ne ƙololuwa. A yi masa zane da magagari daidai bakin ramin, a fitar da shi, a auna kashi 7 cikin 16 na inci sama da wannan zane, a yi na biyu. Ga wanda bai saba da rula ba, inci guda an raba shi gida goma sha shida, sai ka ƙirga gida bakwai, gida guda ke nan ya rage a kai rabi.

A mai da ƙarfen cikin rami, a juya ƙafar baya har zane na biyu ya nutse ya wuce, sa'an nan a komo gaba a hankali har ya fito daidai bakin ramin. Kullum da juyin gaba a ke isa wurin, domin akwai ɗan sako-sako tsakanin haƙoran giya da sarƙa, in ka tsaya da juyin baya awonka zai yi ƙarya. Kafin wannan kuma a tabbata liba tana gaba ƙarshe. A lura fa, wani magineto jan waya ne ke sa wutarsa gaba, wani kuwa sakinta, sabo da haka kowa ya san irin nasa. Hanyar ganewa ita ce, gefen da ya sa kwantak ya rabu da wuri shi ne gaba.

Yanzu sai takarda. Tun fistin yana ƙasa, kwantak a rufe, a sa yankin takardar tsakanin bakinsa ya cije ta. Ka riƙe ta da yatsu biyu kana ɗan ja kaɗan, abokin aikinka na buga ƙafar babur gaba da tafin hannu, kaɗan kaɗan. Sa'ad da ka ji takarda ta saki, ka ce ya tsaya, ka dubi ƙarfen. In zane na biyu yana daidai bakin rami, wutarka daidai ta ke, ka rufe kome ka bar shi. In takarda ta saki tun zanen bai fito ba, wuta ta yi gaba. In zanen ya wuce sama kafin ta saki, ta yi baya. Waɗansu su kan so su gwada da batir da ƙwan fitila maimakon takarda. Wannan ya yi ga babur mai wutar batir, amma kada a yi wa magineto, domin lantarkin batir na iya raunana maganaɗisunsa.

In ya zama sai an gyara, a buɗe murfin da ke gefen dama na injin, a tara kwano domin ɗan baƙin mai zai zuba. Za ka ga giyoyi masu haƙora a jere, na can sama shi ne na magineto, shi kaɗai za ka taɓa, sauran na bawul ne, in ka gusa su ka jawo wani aikin. Wannan giya ba shi da makulli a jikin sandarsa. Bakin sandar a tsuke ya ke, matsi kaɗai ke riƙe shi, kamar yadda ruwan gatari ke zama cikin ƙota, don haka a kan iya ɗaure shi ko'ina aka so. A sassauta notinsa, a ɓamɓare shi da abin cirowa mai zare wanda aka yi domin wannan aiki. Kada a sa guduma, dukan zai lalata cikin magineto. Sa'an nan, fistin na nan a zane na biyu, liba na gaba, a juya kwantak da yatsa ta gefen da ya saba juyawa har takarda ta soma saki. A tura giyan bisa sandarsa, a ɗan ƙwanƙwasa shi ya kama, a ɗaure noti. Bayan an ɗaure lalle a sake gwajin takarda tun daga farko, domin ɗaurin noti ya kan gusa sandar kaɗan. Dattijon nan sau uku ya kwance ya ɗaure kafin ya yarda. Daga ƙarshe a duba bakin fulogi, kamar kashi 18 cikin 1,000 na inci, a mai da ƙusar kan silinda da murfi.

Saura amfani da liba bisa hanya. Wajen tayarwa a mai da ita baya kamar sulusi ko rabi, kada a kai ta ƙarshe, domin magineto ya fi ba da wuta mai ƙarfi sa'ad da liba ke gaba, in an ja ta baya ƙwarai tartsatsin ya kan raunana. A taka kik har a ji ya yi tauri, a ja 'yar libar da ke ɗaga bawul a ɗan wuce taurin, a sake ta, sa'an nan a buga bugu guda mai tsawo har ƙasa. Da injin ya kama aka soma tafiya, sai a tura liba gaba, nan ne mazauninta bisa miƙaƙƙiyar hanya. In an zo hawan tudu da kaya, ko an shiga rairayi injin na nishi yana fizga, a ɗan mai da ita baya har fizgar ta daina, in bai isa ba a sauko da giya. Da an fita a mai da ita gaba. Wanda ya manta ta a baya ya yi tafiyar mil ashirin, zai sauka ya tarad da salansa kamar maƙera.

Akwai wani abu kuma da ya sa ba a dogara ga kunne a wannan babur. Injin M20 ba ya matse mai ƙwarai, kamar kashi biyar ya ke mayarwa ɗaya, domin an yi shi ne ya sha man zamanin yaƙi marar kyau. Da man kirki na yanzu wutarsa na iya yin gaba fiye da kima bai yi ƙarar tsakuwar nan ba, yana ta cin kansa a ɓoye. In kuwa ka auna ka ga saiti daidai, amma ka ji ƙarar, to, ka tuhumi man da ka saya, watakila na kwalba ne da aka gauraya da kananzir, ko kuwa baƙin gawayi ya taru a kan fistin yana son kankarewa. Kada ka bar kowa ya kwance magineto sabo da laifin mai.

Lambobin da na faɗa na M20 ne kaɗai. Ƙaramin BSA Bantam na farko, mai cc 125, nasa taƙin kashi 5 cikin 32 na inci ne, bai kai rabin na babban ba. Kowane injin da nasa, sai a nemi littafinsa, ko a tambayi wanda ya riƙe lambar da gaske. Baburan da suka biyo baya an sa musu waɗansu ƙananan ƙarafa masu nauyi da ke buɗewa in injin ya yi sauri, su sa wuta gaba da kansu, liba ta ɓace. Na yanzu kuwa, irin waɗanda 'yan acaɓa ke hawa, ba su da kwantak sam, wani ɗan baƙin akwati na lantarki ne ke zaɓen lokacin. Duk da haka hukuncin bai sake ba, har yau wuta na riga fistin isowa, kuma a cikinsu ma in ɗan makullin da ke riƙe maganaɗisu bisa sandar injin ya karye, wuta ta kan gusa, ka ga alamun nan da na lissafa. Tsofaffin injunan ban ruwa da na wutar lantarki masu kwantak su ma wannan ka'ida su ke bi.

Shawarata ga mai tsohon babur ita ce ya sami ɗan littafin aljihu, ya rubuta lambobin injinsa a shafin farko, watau tsakanin kwantak, da bakin fulogi, da taƙin fistin. Duk ran da aka auna ya rubuta kwanan wata da abin da aka tarar. Ya ajiye ƙarfen nan mai zane biyu cikin akwatin kayan aiki, don ba sai an sake zanawa ba. Ya duba kwantak farkon damina da farkon rani, kada ya bari sai daren da za shi tafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In kuwa zai ba makanike aikin, ya tambaye shi da ladabi lamba nawa zai sa, da me kuma zai auna. Wanda ya san aikin zai faɗa nan take, ya ɗauko rula. Wanda ya nuna kunnensa, sai a yi masa godiya, a tura babur gaba. Allah ya kiyaye hanya.